Jan Littafi a Tudun Hatsi

Shekara ashirin da shida ina riƙe da biro
a rumfar Bappa Sali, nan Tudun Hatsi.
Littafi biyu gare ni:
baƙi na buhunan da suka shigo,
ja na waɗanda suka fita da "sai Juma'a".
Jan ya fi kauri. Ko yaushe jan ya fi kauri.

Yau da azahar rediyon mai shayi
ya ce ƙasa ta tara dala biliyan kaza a ajiya.
'Yan dako suka yi tafi, ƙaiƙayin gero na tashi daga tafukansu.
Kafin butar ta tafasa,
muryar nan dai, ko tari ba ta yi ba,
ta karanto bashi:
sifili na bin sifili
kamar tirelolin masara ranar lodi,
ka ga ta farko, ba ka hango ta ƙarshe.
Ba wanda ya yi tafi.
Manu ya ce a ƙara masa sukari.

Sai na tuna rumbun babana a Kwami,
na yumɓu, zaune kan duwatsu tara.
Wata kaka ya cika har wuya,
masu wucewa suna cewa, bana Jauro ya huta.
Jauro kuwa ba ya barci.
Dami arba'in na mai taki ne,
sha biyu na mai shanun huɗa,
bakwai ramuwar irin da muka ci da bazara.
Ya ce da ni: yaro, rumbu cikarsa kawai yake nunawa,
ba ya faɗin hatsin na wane ne.

To ina rumbun ƙasa?
An ce yana ƙetaren teku,
a garin da ban iya faɗin sunansa,
cikin kuɗin da ke ɗauke da fuskar kakan wasu.
Gara ba ta kai can, ɓera ba ya kai can.
Ruwa ke kaiwa.
Mu nan sai mun fita fili roƙon ruwa,
can kuwa ruwa ba ya jiran damina:
yana zuba a kan bashi dare da rana,
har ran Sallah.

Ban ce aro zunubi ba ne.
Bashi hanji ne, na sani, yana cikin kowa.
Goggo Dudu ta ɗauki buhun gyaɗa biyu,
ta matse mai, ta murza ƙuli,
mako uku ta dawo, na ja layi kan sunanta.
Wani kuma, ba zan faɗe shi ba,
ya ɗauki goma, ya sayar a ƙofar kasuwa,
ya ɗinka riga mai aska tara.
Rigar ta koɗe. Shafinsa na nan sabo.
Abin da nake so rediyo ya gaya mini ke nan:
gyaɗa aka ara, ko riga?

Da la'asar wani yaro mai waya
ya raba bashin ƙasa bisa kawunan mutane,
ya ce kowa da rabonsa, har jarirai.
Jikata kwananta shida a Jekadafari.
Sai gobe za a raɗa mata suna,
amma an riga an buɗe mata shafi.

Ni a littafina ban taɓa rubuta mutum ba
sai ya tsaya gabana da ƙafafunsa ya ce, a ba ni.
Kuma gefen kowane suna akwai gida
inda nake sa abin da ya karɓa.
Me zan sa mata?
Fitilar asibitin da ta mutu tsakar naƙuda,
ungozoma na haskawa da waya a baki?

Na rufe baƙin. Na buɗe jan.
Shinkafar suna, rabin buhu,
Bappa Sali ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.
Na rubuta sunana a ƙasan shafi,
da hannuna, da biro na,
na sa: sai Juma'a.